Tarihinmu Na Nan a Bakin Tekun Badagry, Mu Kai 'Ya'yanmu Su Gani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, da na gida Arewa, game da wata tafiya ta yini ɗaya da na yi da iyalina zuwa garin Badagry kwana uku bayan Babbar Sallah, domin abin da muka gani a can ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin bai kamata in bar shi a cikin gidana kaɗai ba.

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a Agege ina neman abinci, amma ban taɓa taka cikin garin Badagry ba, duk da cewa na sha wucewa ta shataletalensa a kan hanyata ta zuwa Seme da Kwatano sayo kaya. Na tabbata da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago haka suke, sun san hanyar kamar yunwar cikinsu, amma ba su san abin da ke bayan gidajen da suke wucewa ba. Sanadin tafiyar tamu kuwa mahaifiyata ce, wadda ta zo daga Zariya ta yi Sallah da jikokinta, ta ce tunda Allah Ya kawo ta Ikko ba za ta koma ba sai ta ga teku da idonta. Wani maƙwabcina Bayarabe ya ba ni shawarar in kai ta Badagry, ya ce a can za ta ga tekun ba tare da hayaniya da kiɗe-kiɗen da ake yi a sauran wuraren shaƙatawa ba, yara kuma za su ƙaru da wani abu.

Mun fita bayan sallar asuba, mu shida a mota: ni, da maiɗakina, da Inna, da yara uku. Muka bi ta Iyana-Ipaja da Igando muka ɓullo Iyana-Iba, muka hau babbar hanyar da ta ratsa Okokomaiko da Agbara. Cunkoso da shingayen bincike suka ci mana lokaci, ba mu isa ba sai wajen ƙarfe tara, saboda haka duk mai niyyar zuwa ya yi sammako.

Badagry tsohon gari ne na mutanen Egun, sarkinsu ana kiransa Akran, kuma ƙasar kwakwa ce, ko'ina ka duba bishiyoyinta ne da mata masu tallarta. Garin yana kwance ne a bakin wani faffaɗan ruwa mai kama da kogi, wanda ya miƙe gabas zuwa Legas, yamma kuma zuwa Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, tekun kansa kuwa yana bayan wani siririn tsibiri mai yashi da ake kira Gberefu. Kusan duk abin da baƙo zai gani yana jere a kan titi ɗaya da ke bakin wannan ruwa, ana iya zagaya shi da ƙafa.

Mun fara da farin ginin nan da ake kira bene na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther, wani shahararren limamin Kirista Bayarabe, ya taɓa zama. Gini ne mai kyau, kuma an adana shi. Sai dai ni Bazazzagi ne, ba zan iya yin shiru a kan sunan ba. Hasumiyar Gobarau ta daɗe a tsaye a Katsina kafin a aza harsashin wannan gini, kuma Baturen da ya shiga Kano a 1824, Kyaftin Clapperton, ya tarar da soraye masu hawa na sama a cikin birni. In an ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa, ba ni da ja. Na faɗa wa yarana haka a tsaye a gindinsa, don kada su girma suna zaton kakanninsu ba su san ɗora ɗaki a kan ɗaki ba sai da jirgi ya kawo musu.

Daga nan muka shiga gidan Seriki Abass, kuma sunan kansa ya sa Inna ta ɗaga kai, don ta ji kalmar sarki a ciki. Ba ta yi kuskure ba, sarautar Sarkin Musulmi ce ta garin a bakin Yarabawa. Mutumin nan an kama shi yana yaro aka sayar da shi, ya yi bauta har Birazil, ya dawo ya zama shi ma dillalin bayi, daga baya ya zama babban mai faɗa a ji a zamanin Turawa, ya rasu a 1919. A bayan gidansa aka gina ɗakuna 40 na tsare bayi. Wanda aka buɗe mana bai kai girman shagona na kasuwa ba, da wata 'yar kafa a sama wadda iska ke shigowa ta cikinta, kuma mai yi mana bayani ya ce mutum arba'in ake cusawa a irinsa, su yi makonni suna jiran jirgi. Mu shida da shi na bakwai muka shiga, ya tura ƙyaure na ɗan lokaci, kafin ya buɗe duk mun jiƙe da gumi, autana kuma ya riƙe rigar uwarsa gam.

A wani ƙaramin gidan tarihi da ke kusa aka nuna mana sarƙoƙi. Mai bayanin yana Turanci, ni ina fassara wa Inna, sai ya ɗauko wani ƙarfe mai zobe biyu da sanda a tsakani. Kafin in buɗe baki ta ce, “Ai wannan mari ne, ɗan nan, ba sai ka gaya mini ba.” Ta ce ta taɓa ganin irinsa tana yarinya a ƙafar wani mutum a ƙauyensu. Ta miƙa hannu ta karɓi sarƙar wuya, nauyinta ya rinjaye ta har sai da babbar 'yata ta tallafa mata, ta mayar ta ajiye a hankali, ta goge tafinta da gefen mayafi, ba ta sake cewa komai ba har muka fito. Abin da na lura shi ne, kayan nan duk muna da sunayensu a Hausa: mari, sarƙa, ƙuƙumi. Harshe ba ya ajiye sunan abin da masu shi ba su sani ba.

Yanzu bari in zo kan matsayar jiragen ruwa, wadda mutanen Legas ke kira jeti, domin ita ce ɗaya daga cikin dalilan wannan wasiƙa. Dandamali ne da ya kutsa cikin ruwa, kwale-kwale masu inji suna ɗaure a gefensa, masu fito suna kiran fasinja zuwa Gberefu. Ruwan a kwance yake, tsallakawar kuma 'yan mintoci ce, kana tsaye a wannan gaɓa kana hango bishiyoyin kwakwar wancan gaɓa, shi ya sa mutum zai iya raina ta. Mai jirgin farko da ya tare mu yana da rigunan kariya na manya, amma ba shi da na yara, ya ce in sa wa autana ta manya, ai ba nisa. Na sa masa don in gani, rigar ta sauko masa har gwiwa, na kama kafaɗarta na ja sama sai ga kansa ya shige ciki gaba ɗaya. Ko wanda bai san ruwa ba ya san cewa yaron zai zame ne ta ƙasa, rigar ta tafi ita kaɗai. Na ce ba mu shiga. Muka jira kusan rabin sa'a a rana har wani jirgin ya dawo, mai ƙananan riguna, wanda shi da kansa ya durƙusa ya ɗaure wa yaran igiyoyin, ya ƙirga mu, ya hana wasu samari biyu shiga don ya ce jirginsa ya cika. Allah Ya yi wa wannan bawan Allah albarka.

Ban yi wannan taurin kai don tsoro kawai ba. Mu mutanen Arewa mun binne mutane da yawa saboda fito. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da ɗimbin fasinjoji a kogin Kwara kusa da Warrah a Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma aka rasa 'yan makarantar Islamiyya a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, suna kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Kusan kullum dalilan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya. Mun yarda da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin da na gani a wannan matsaya ya nuna mini cewa gyaran ba ya buƙatar wata babbar kwangila, mai jirgi ɗaya ne da ya san aikinsa, da uba ɗaya da zai ce ba ya shiga. Ina kira ga hukumomin da ke kula da sufurin ruwa, na tarayya da na jihohi, da sarakunan ruwa na garuruwanmu, su wajabta ajiye rigunan yara a kowace matsaya, domin a yawancin haɗurran nan mata da yara ne suka fi mutuwa.

Da jirgin ya tashi Inna ta karanta “Bismillahi majreha wa mursaha”, yaran suka bi ta. Muka sauka a Gberefu muka kama hanyar yashi, tafiyar da ta ci mana fiye da rabin sa'a saboda tsohuwa, muna tsayawa tana hutawa a inuwar kwakwa. Wannan ita ce hanyar da ake kora bayi a cikin mari bayan an tsallako da su daga gari. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya wadda mutanen wurin ke cewa ana tilasta musu shan ruwanta, wai an yi masa asirin da zai mantar da su gida. Ko da asiri ko babu, mutumin da aka rabo da garinsu watanni da suka wuce, aka sayar da shi hannu bayan hannu, ba ya jin yaren kowa, ba ya buƙatar wani magani kafin ya ruɗe.

Tun kafin mu ga tekun muka fara jin rurinsa. Da muka hau tudun yashi na ƙarshe sai ga shi shimfiɗe har inda ido ya ƙare, igiyoyinsa suna tasowa fari fat suna dukan gaɓa. Nan ne wurin da suka sa wa suna “inda ba a dawowa”, akwai gini na tunawa a tsaye. Ba wurin wanka ba ne ga wanda bai saba ba, ruwan yana ja da ƙarfi, don haka na hana yaran wuce idon sawu. Inna ta tsaya ta daɗe tana tasbihi, ta sunkuya ta ɗebi ruwan a tafinta ta ɗanɗana, ta ce, “Lallai gishiri ne, ashe ba ƙarya ake yi ba.” Sai ɗana na tsakiya, mai shekara goma sha ɗaya, ya ja hannuna ya ce, “Baba, a cikin waɗanda aka tafi da su ta nan, akwai Hausawa?”

Edita, wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na ce masa akwai, amma a lokacin ban iya ƙara masa komai ba, sai da muka dawo gida na koma ga littattafai, kuma abin da na samu ya isa a koyar da shi a kowace makarantar Arewa. Tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Porto-Novo da Badagry da Ikko, su ne mafitar bayin da ake gangarowa da su daga ƙasar Hausa da Nufe da Barno ta hannun daular Oyo, musamman a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Da yawansu Bahiya aka kai su, a ƙasar Birazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, asirin ya tonu, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi da 'yantattu suka yi babban tawaye a birnin Salvador, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, kuma an samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato mutanen da aka bi da su ta irin wannan hanyar yashi, cikinsu har da masu karatun allo, ruwan rijiya bai mantar da su Fatiha ba. Birazil ba ta haramta bauta ba sai 1888.

Hanyar da ta haɗa mu da Badagry ma a rubuce take. Kyaftin Clapperton ɗin nan da na ambata, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, da ya tashi dawowa karo na biyu a Badagry ya sauka, a ƙarshen 1825, ya bi ta tsohon birnin Oyo da Kayama da Busa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Zariya da Kano har Sakkwato, inda ya rasu a watan Afrilun 1827. A cikin masu yi masa hidima da tafinta akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ma an taɓa kama shi an sayar har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi daga jirgin masu fataucin bayi. Hanyar da Bature ya hau da ƙafa, ita ce aka gangaro da 'yan'uwanmu ta cikinta. Yau ana ta maganar babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, mutane da yawa suna ɗaukar sunayen biyu kamar ba su taɓa haɗuwa ba, alhali sun haɗu shekaru 200 da suka wuce.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗi, amma ban ɓoye wa yarana shi ba. Bature bai shiga Katsina ko Zazzau ya kamo mutum da hannunsa ba. A bakin teku yake jira da bindiga da barasa da yadi, waɗanda suka kai hari ƙauyuka, da waɗanda suka sayar a kasuwanni, da fataken da suka kora zuwa kurmi, baƙaƙe ne, kuma a cikinsu akwai namu. Gaskiya ne malaman jihadi sun yi tir da bautar da 'ya'ya Musulmi, kuma Muhammadu Bello ya amince a 1824 da hana 'yan kasuwarsa fitar da bayi zuwa bakin teku, amma cinikin bai tsaya nan take ba, bauta kuma ta ci gaba a cikin ƙasarmu har bayan zuwan Turawa. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin a 1807, sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina shi a 1852, garin ya koma ƙarƙashin mulkin Turawan Ikko a 1863. A ganina yaron da ya san wannan duka, daɗi da ɗaci, zai fi gane munin abin da ake yi yau na sace mutane a hanya da gonaki ana ciniki a kansu kamar dabbobi, kuma zai yi wuya ya buɗe baki ya goranta wa wani asali.

Abin da ya fi damuna shi ne, a yinin nan gaba ɗaya mun haɗu da ɗalibai cikin kayan makaranta, da iyalai Yarabawa da Ibo, da wasu baƙaƙen fata da suka zo daga ƙetare neman tushensu, amma ban ji wanda ke Hausa ba sai mai shayin da muka tsaya wurinsa da wani mai sayar da carbi a ƙofar masallaci. Laifin ba na mutanen Badagry ba ne, sun riƙe abin da suka gada, sun karɓe mu hannu bibbiyu. Mu ne ba mu zuwa, mu ne kuma ba mu rubuta labarin da harshenmu ba, har ya zama tsohuwa kamar Inna sai an yi mata tafinta kafin ta ji tarihin da ya shafi kakanninta. Ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwannin Legas, da shugabannin kasuwanninmu, da masu makarantun Islamiyya, su riƙa shirya wa yara wannan ziyara ko sau ɗaya a shekara. Kuɗin mota ɗaya da na fito bai kai abin da muke kashewa a ƙaramin biki ba. Malamanmu na sassan tarihi da Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato kuma su taimaka da ɗan ƙaramin littafi cikin Hausa mai sauƙi, wanda uba zai riƙe a hannu ya amsa tambayar ɗansa a wurin, ba sai ya dawo gida ba kamar yadda ya faru da ni. Ita ma wannan jarida ina fata za ta tura wakili ya je ya gani ya rubuto.

Ga masu niyyar zuwa da iyali, a tafi da ruwan sha da laima, da takalmin da ba ya wahalar da ƙafa a yashi, kuma a tsallako a dawo tun rana na sama, kada a bari magariba ta riski mutum a kan ruwa. Mu mun yi sallar azahar a tsibirin, a kan tabarmar da maiɗakina ta taho da ita, muka ci dambun naman Sallah muka sha ruwan kwakwa. Kafin mu tashi Inna ta sa jikokinta suka ɗaga hannu, ta yi addu'a ga duk wanda aka bi da shi ta wannan wuri, wanda aka san sunansa da wanda ba a sani ba, sannan ta cika wata 'yar gora da ruwan tekun, ta ce za ta kai wa ƙanwarta a Tudun Wada ta ɗanɗana. Mai jirgin da ya kawo mu shi ya dawo da mu, mun isa Agege ana kiran sallar isha'i.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Agege, Jihar Legas.